Ɗan sa kai tsakanin akwati da jama'a: aikin harshe a telebijin ta al'umma, misalin Tanda (Gaya)

Taƙaitawa

Wannan takarda tana duba aikin mutanen da ke ba da lokacinsu, ba tare da albashi ba, a wuraren kallon telebijin na jama'a da ƙananan kafofin watsa labarai na karkara. Ra'ayin da muke karewa shi ne: a Nijar, mafi nauyin abin da ɗan sa kai yake ɗauka a irin wannan wuri aikin tafinta ne, ko da yake ba da wannan suna aka ɗauke shi ba, ba a kuma horar da shi a kansa ba. Mun ɗauki komun ta Tanda, cikin gundumar Gaya, a matsayin madubi saboda yawan harsunan da suka haɗu a cikinta.

0. Gabatarwa

Idan ana maganar ƙarancin kayan aiki a kafofin watsa labarai na karkara, abin da aka saba lissafawa shi ne kamara, batir, faifan hasken rana da kuɗin gyara. Ba safai ake kawo maganar harshe ba, domin ana ɗauka cewa duk wanda ya sha harshe a nono, ya kuma zauna a aji har ya ji faransanci, to ya isa ya juya magana daga wannan zuwa wancan. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta nuna kuskuren wannan zato. Za mu fara da bayyana abin da ake nufi da telebijin ta al'umma (1), sannan mu bi asalin aikin sa kai a kafofin watsa labarai na Nijar (2), mu bayyana yanayin harsuna a Tanda (3), mu zayyana matsalolin da mai juya magana yake haɗuwa da su (4), mu duba sunan da ake ba aikin kansa (5), kafin mu kawo wasu shawarwari (6). Jimlolin da muka ba lamba mu muka tsara su domin bayani.

1. Ma'ana biyu na kalma ɗaya

Kalmar faransanci télévision communautaire tana ɗauke da ma'ana biyu waɗanda bai kamata a cakuɗa ba.

Ma'ana ta farko ita ce tasha: ƙaramin gidan telebijin wanda mutanen gari ko na unguwa suka mallaka, suna shirya nasu shirye-shirye da hannunsu. Wannan tsari ya samo ƙarfinsa a Amurka ta Arewa. A Kanada, hukumar fina-finai ta ƙasa ta ƙaddamar da wani shiri a 1967 wanda ya ba masunta na tsibirin Fogo damar bayyana matsalolinsu a gaban kamara, kuma tun farkon shekarun 1970 ƙananan tashoshi suka yaɗu a lardin Kebek. A Amurka, a 1972, hukumar sadarwa ta tilasta wa kamfanonin telebijin ta waya na manyan birane su ware wa jama'a tasha. A Afirka ta Kudu, Soweto TV ta samu izinin watsa shiri na shekara ɗaya a 2007. A duk waɗannan wurare ɗan sa kai yana riƙe kamara, yana haɗa hotuna, yana gabatar da shiri, kuma yawanci harshensa da na masu kallonsa ɗaya ne.

Ma'ana ta biyu ita ce wurin kallo: akwati ɗaya da hukuma ta ajiye a dandali ko a gidan matasa, gari duka yana taruwa a gabansa da dare. Indiya ta gwada wannan a ƙauyuka kimanin 2400 tsakanin 1975 da 1976 ta hanyar tauraron ɗan adam. Wannan ma'ana ta biyu ita ce Nijar ta sani. A nan shirin daga babban birni yake zuwa, a cikin harshen da babban birni ya zaɓa, ɗan sa kai kuwa yana tsaye ne a bakin akwati, tsakanin abin da aka faɗa da waɗanda aka faɗa dominsu. Daga wannan tsayuwa tasa ne duk abin da za mu ce ya samo tushe.

2. Asalin aikin a Nijar

2.1. Kulob-kulob na rediyo

Tun kafin telebijin, rediyo ce ta fara horar da ƙasar a kan sauraron taro. An buɗe gidan rediyon ƙasa a 1958, wanda ya koma Muryar Sahel a 1974. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo ta Nijar. Masu jagorancin kulob, waɗanda ake kira animateurs, mafi yawansu malaman makaranta ne da sauran ƙananan ma'aikata na ƙauye, suna yin aikin bayan sun tashi daga nasu. Sukan ɗauki muryoyin manoma da makiyaya a kan wani batu da aka tsayar, su aika da faifan zuwa Yamai, a tace a haɗa shiri da hausa da zarma, sannan su tara mutane a saurara tare, a yi muhawara, su rubuta rahoto. Abin lura a nan shi ne magana tana tafiya hanya biyu: tana sauka daga birni, tana kuma hawa daga ƙauye, kuma a kowace hanya sai ta ratsa ta bakin mutum ɗaya ko alƙalaminsa.

2.2. Telebijin ta makaranta

A 1964, da taimakon Faransa, aka fara telebijin ta makaranta. A matakin gwaji ta shafi azuzuwa 22 da yara kimanin 800. Darussa da faransanci ake watsa su, a cikin aji kuwa akwai mai kula, moniteur, wanda karatunsa bai yi zurfi ba, an dai ba shi gajeren horo. A cikin wannan shiri ne, a 1968, aka fara kunna akwatin telebijin da hasken rana a wata makaranta kusa da Yamai. Shirin ya tsaya a ƙarshen shekarun 1970, kayansa da ma'aikatansa suka zama harsashin telebijin ta ƙasa, Télé Sahel, wadda ta fara aiki tsakanin 1978 da 1979 a ƙarƙashin hukumar ORTN da aka kafa tun 1967.

2.3. Akwatin gari

Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta hau mulki ranar 15 ga Afrilu 1974, ta farfaɗo da samariya ta mai da ita ginshiƙin tsarinta na raya ƙasa. Da telebijin ta ƙasa ta samu, sai aka rarraba akwatuna a garuruwa da ƙauyuka, da yawansu masu aiki da hasken rana, domin kallon taro. Waɗanda suka taso a shekarun 1980, har da mai wannan rubutu, suna tune da yadda abin yake: yara a gaba a kan rairayi, manya a baya a kan tabarmi, da mutum ɗaya mai riƙe da mabuɗi, shi ke kunnawa, shi ke kashewa, shi ke share ƙura daga faifan rana. Idan wasan kwaikwayo na hausa ne, irin na ƙungiyar Yazi Dogo, ba mai bukatarsa sai don ya tsawata wa yara. Amma da an shiga labaran faransanci, ko jawabin shugaban ƙasa, sai kawuna su juyo wajensa ko wajen wani ɗan lakwal da ke kusa: me ya ce? A wannan tambaya ne mai gadin akwati yake zama tafinta, ba tare da wani ya naɗa shi ba.

2.4. Bayan taron ƙasa

Taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar kafofi masu zaman kansu. Rediyo mai zaman kanta ta farko ta fara a Yamai a 1994, telebijin mai zaman kanta ta farko, Ténéré, a 2000. A karkara kuwa rediyo ce ta ɗauki sunan al'umma: daga ta Bankilare a 1999, gidajen rediyon al'umma sun yaɗu har sun haura ɗari, kuma ƴan sa kai ne ke riƙe da mafi yawansu. Akwatin gari na hukuma ya ja baya a gaban gidajen kallo na ƴan kasuwa, da faranti mai kama tauraron ɗan adam, da wayar hannu. Sai dai mutumin da muke magana a kansa bai ɓace ba. Yau shi ne mai gabatar da shiri a rediyon gari wanda ke ɗaukar hoton taron komun da wayarsa ya sa a Facebook, ko ya ɗora muryarsa a kan wani guntun labarin Télé Sahel ya tura a WhatsApp. Kayan aiki sun sake, tambayar da ake yi masa kuwa tana nan: me ya ce?

3. Tanda da harsunanta

Tanda komun ce ta karkara a gundumar Gaya, jahar Doso, a bakin kogin Isa wanda hausawa ke kira Kwara. Ƙetaren kogin ƙasar Benin ce. Garin Gaya yana kudu maso gabas, inda gada ta haɗa shi da Malanbil tun 1958. Gabas da Gaya kuma iyakar Nijeriya ce, ta wajen Kamba a jihar Kabi. Yankin yana cikin mafi samun ruwan sama a Nijar, mutanensa manoma ne da masunta da makiyaya da ƴan kasuwar iyaka.

Harshen da ya ba ƙasar sunanta shi ne dandanci, ɗan gidan soŋay, makusancin zarma ƙwarai, wanda kuma yake harshen kasuwa a arewacin Benin, daga Malanbil zuwa Kandi da Jugu. Robert Nicolaï ya bayyana matsayinsa cikin karorin soŋay a littafinsa na 1981, Petr Zima kuma ya wallafa ƙamus na dandancin Jugu a 1994. Ban da dandanci akwai zarma, da hausa, da fulfulde na makiyaya. Akwai kuma kyangawa, tsofaffin mazauna yankin, waɗanda harshensu na asali ɗan gidan mande ne, amma mafi yawansu sun koma dandanci ko hausa. A kan wannan duka ga faransanci na makaranta da na buro, ga ingilishi da hausar Nijeriya da ke shigowa ta tashoshin ƙetare da fina-finan Kano.

Dokar 31 ga Disamba 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, kuma a cikinta soŋay da zarma suna ɗaya suka raba. Dandanci yana ƙarƙashin wannan inuwa. Kundin sake gina ƙasa na 26 ga Maris 2025 ya ɗaga hausa ya zama harshen ƙasa, ya bar faransanci da ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan mataki yana ƙara wa hausa nauyi a kafofin hukuma, amma bai sauke wa ɗan sa kai na Tanda kaya ba: tsohuwar da dandanci kaɗai take sakewa a cikinsa har yanzu tana bukatar mai juya mata, ko daga faransanci ko daga hausa.

4. Abin da mai juya magana yake fama da shi

4.1. Wace hausa?

Hausar yankin Gaya tana cikin rukunin karin yamma, tare da ta Kabi da Sakkwato da Arewa. Hausar da ke fitowa daga akwati kuwa sau da yawa daidaitacciya ce, mai tushe a karin Kano. A dubi waɗannan:

(1) a. Mutanen da suka taho jiya baƙi ne.
b. Mutanen da sunka taho jiya baƙi na.

(2) a. Yana so ya tafi gonar malam.
b. Shina so shi tahi gonam malam.

(3) a. Rigar sarki fara ce.
b. Rigas sarki hwara ta.

Bambancin ya shafi lamirin shuɗaɗɗen lokaci (suka da sunka), da dirka (ne/ce da na/ta), da mahaɗin tamata wanda a yamma yake narkewa cikin baƙin da ke biye, da furucin f. Ba ɗaya daga cikinsu da ke hana fahimta. Abin da suke yi shi ne nuna wa mai sauraro daga ina maganar ta fito. Idan ɗan sa kai ya yi amfani da jerin (a), ana jin sa a matsayin bakin hukuma ko mai kwaikwayon ƴan fim; idan ya yi amfani da jerin (b), ana jin sa ɗan gida, abin da ya faɗa kuma ana ɗora shi a wuyansa. Zaɓin kari, ke nan, zaɓin matsayi ne, kuma gogaggun masu gabatarwa sukan yi ta sauyawa: su karanta sanarwa da (a), su yi sharhi da (b).

4.2. Kalmomin aro na iyaka biyu

Hausar Nijar ta ara daga faransanci, ta Nijeriya ta ara daga ingilishi, a Gaya kuwa rijiyoyin biyu ake sha:

(4) duwan / kwastan
buro / ofis
esansi / fetur
komun / ƙaramar hukuma
depite / ɗan majalisa
bik / biro

Yawancin waɗannan tagwaye ba su da haɗari, domin mutumin iyaka ya san duka biyun. Haɗarin yana wurin kalmomin da siffarsu ɗaya ce ko kusan ɗaya, amma abin da suke nufi ya bambanta. Jaha a Nijar yanki ne da gwamnati ke naɗa wa gwamna. Jiha a Nijeriya tana da zaɓaɓɓen gwamna da majalisarta da kasafinta. Likita a Nijar yana iya nufin mutumin, yana iya nufin gidan da ake zuwa neman magani. A Nijeriya mutumin kaɗai yake nufi. Mai juya labari wanda bai lura da wannan ba zai faɗi kalma daidai, mai sauraro ya fahimci wani abu dabam.

4.3. Kuɗi

Nan ne kuskure yake da tsada a zahiri. Faransanci yana ƙirga kuɗin sefa da tamma ɗaya ɗaya, wato franc. Hausar Nijar da zarma da dandanci kuwa da dala suke ƙirgawa, dala ɗaya tamma 5 ce. Bayan haka hausa tana da jika, wato tamma 1000, yayin da zarma ke ci gaba da ƙirga dala har zuwa zambar fo, dala dubu, wato tamma 5000. A ɗauki wannan sanarwa:

(5) Le sac est vendu à 13 500 francs.
a. Ana sayar da buhu jika goma sha uku da dala ɗari.
b. Ana sayar da buhu dubu goma sha uku da ɗari biyar.

Jimlar (5a) ita ce daidai. Jimlar (5b) ta bi lambobin faransanci kalma da kalma, kuma manomin da ya saba ƙirga da dala zai ji dala 13 500, wato tamma 67 500, ninki biyar na farashin gaskiya. Idan za a maimaita da zarma, sai an sake wani lissafi: tamma 13 500 dala 2700 ce, zambar hinka nda zangu iyye. Mai juyawa, ke nan, yana raba lamba da biyar a cikin kansa, yana magana, jama'a suna jira. A ƙara da cewa a ƙetaren iyaka dala kuɗin Amurka ce, jaka kuma a bakin tsofaffin ƴan kasuwa naira 200 ce. Irin wannan matsala tana nan a awo: kilo da tan na sanarwa sai an mai da su tiya da buhu, ƙarfe 16 sai an mai da shi bayan la'asar.

4.4. Wa ya ce, wa ya ɗauki alhaki?

Faransancin ƴan jarida yana da hanyar nisanta kansa daga labarin da bai tabbata ba, ta hanyar siffar aikatau da ake kira conditionnel. Hausa tana yin wannan da kalmar wai:

(6) Le pont serait rouvert lundi.
Wai za a buɗe gada ran Litinin.

Har nan ba matsala, in dai mai juyawa ya ji bambancin serait da sera, wanda a kunne ɗan ƙanƙane ne. Matsalar tana fitowa a jimla irin wannan:

(7) Le préfet a annoncé que le pont sera rouvert lundi.
a. Prefe ya ce za a buɗe gada ran Litinin.
b. Prefe ya ce wai za a buɗe gada ran Litinin.
c. Za a buɗe gada ran Litinin.

Jimlar (7a) ta mai da magana ga mai ita. A (7b), wai tana iya zama alamar rahoto kawai, tana kuma iya ɗaukar ƙamshin shakka, har mai sauraro ya ji kamar ana yi wa hukuma ba'a. A (7c), wadda gaggawa ke jawowa, an yar da mai maganar, ɗan sa kai ya zama shi ne ya yi alkawari. Wanda ya san abin da rufe gadar Gaya ya jawo wa yankin bayan takunkumin CEDEAO na 30 ga Yuli 2023, da yadda ɓangaren Nijar bai buɗe ba ko bayan ɗage takunkumin a Fabrairu 2024, ya san cewa a kan jimla irin (7c) mutum yana iya ɗaure kaya, ya ci bashi, ya yi hayar mota. Ɗan jaridar Yamai da ya karanta labarin ba wanda zai je ƙofar gidansa. Ɗan sa kai kuwa da masu sauraronsa masallaci ɗaya suke salla, kasuwa ɗaya suke ci.

4.5. Kalmomi masu kaya

Akwai kalmomin da fassararsu take yanke hukunci tun kafin a fara muhawara. Planification familiale an juya ta da ƙayyade iyali, da tsarin iyali, da tazarar haihuwa. Ta farko tana nufin sa iyaka ga yawan ƴaƴa, abin da jama'a da yawa ba su karɓa ba. Ta ƙarshe tana nufin hutar da uwa tsakanin haihuwa da haihuwa, abin da al'ada ta riga ta sani. Cotisation idan aka ce karo-karo, an nuna abin da mutane suka yarda da shi a tsakaninsu. Idan aka ce lanho ko haraji, an nuna abin da aka ɗora musu. Gratuit idan aka ce kyauta, nan take za a tambaya kyautar wa, domin a hausa kyauta tana da mai ita, ana kuma yi masa godiya. Lokacin zaɓe wannan ba ƙaramar magana ba ce. Duk waɗannan hukunce-hukunce mutum ɗaya ne yake yanke su, a tsaye, ba ƙamus a hannunsa.

5. Sunan aikin

Yadda ake kiran aikin yana da nasa tasiri a kan yadda ake riƙe mai yin sa. Faransanci ya raba bénévole, wanda ba a biyansa kome, da volontaire, wanda ke da yarjejeniya da ɗan alawus, kamar malaman da Nijar ta fara ɗauka da sunan volontaires de l'éducation a 1998. Hausa tana haɗa su duka a ɗan sa kai. Daga nan rashin jituwa yake tasowa: mai kawo shiri yana nufin bénévole, saurayin da aka ɗauka yana jin volontaire, yana sa ran wata rana za a ɗauke shi aiki, jama'a kuma, da suka gan shi da kamara tare da baƙi, sun tabbata ana biyansa.

Kalmar ta ƙara ɗaukar wani kaya. A arewa maso yammacin Nijeriya, musamman Zamfara da Katsina, ƴan sa kai suna ne na ƙungiyoyin da suka ɗauki makamai don tsaron ƙauyuka. Ga kunnen da ke sauraron labaran ƙetare kullum, wannan ma'ana ce ke fara zuwa. Mai gabatar da kansa a bakin iyaka da wannan suna sai ya ƙara bayani.

Al'ada tana da nata kalmomi. Gayya a hausa, boogu a zarma, aiki ne na taro wanda ba a biya, amma yana da sharuɗɗa sanannu: yana da rana, yana da ƙarshe, mai gona yana ciyar da ma'aikata, kuma gobe za a rama. Aikin lada, ko aikin Allah, ba ya jiran ramuwar mutum, amma shi ma mai yin sa ne ke zaɓar lokacinsa. Aikin ɗan sa kai na kafar watsa labarai bai cika sharuɗɗan ko ɗaya ba: kullum ne, ba ranar ƙarewa, ba wanda ya san wa zai rama. Muna ganin wannan yana cikin dalilan da suke sa gogaggu su bar aikin da zarar sun samu abin yi, su tafi da duk ƙwarewar da suka tara ba tare da an rubuta ko layi ɗaya daga cikinta ba.

6. Shawarwari

Abin da ya gabata yana ɗora wa sashen kimiyyar harsuna alhaki, domin kayan da ɗan sa kai ya rasa su ne sana'armu. Muna kawo shawarwari huɗu.

Ta farko, a ɗauki aikin a faifai. Juyin da ake yi nan take daga faransanci zuwa dandanci, ko daga daidaitacciyar hausa zuwa karin yamma, taska ce ga mai binciken cuɗanyar harsuna da fassara. Ɗalibin da ke neman batun kundi zai samu fiye da bukatarsa a zaman wata ɗaya a Tanda ko Gaya, muddin ya nemi yardar waɗanda zai ɗauka, ya kuma mai da musu sakamakon.

Ta biyu, a tsara ƙananan jerin kalmomi, faransanci da hausa da zarma da dandanci, a kan fannonin da sanarwa ta fi shafa: kuɗi da awo, lafiya, noma da kiwo da su, mulkin komun, harkokin iyaka. A fara daga kalmomin da masu gabatarwa suka riga suka ƙirƙira suka kuma karɓu, kafin a kawo na teburin malamai. A rubuta su bisa ƙa'idojin rubutun harsunan ƙasa na Oktoba 1999, a taƙaice, yadda za su shiga aljihu ko waya.

Ta uku, duk horon da ake ba ƴan sa kai a kan kamara da na'urar sauti a ware masa kwanaki na aikin harshe: juya lambobi, riƙe mai magana a cikin jimla, bambanta labari tabbatacce da jita-jita, da sanin lokacin da ya kamata mutum ya ce bari in sake saurara.

Ta huɗu, horon ya ƙare da takardar shaida mai sunan tafinta. Takarda ba albashi ba ce, amma tana ba aikin suna, tana kuma iya buɗe wa mai ita ƙofa a gidan likita, a kotu ko a komun, wuraren da ake bukatar irin wannan ƙwarewa kullum. Ta wannan hanya aikin zai ɗan kusanci gayya, wato ya zama akwai abin da ake ramawa.

7. Kammalawa

Mun nuna cewa a Nijar telebijin ta al'umma ta fara ne a matsayin wurin kallo, kuma tun daga kulob-kulob na rediyo na 1962 har zuwa wayar hannu ta yau, akwai mutum a tsakanin saƙo da jama'a wanda harshe ne babban kayan aikinsa. Misalin Tanda ya nuna cewa wannan mutum yana zaɓar kari, yana auna kalmomin aro na ƙasashe biyu, yana lissafin kuɗi, yana raba alhakin magana, kuma kuskurensa a kansa yake faɗawa. Ba mu taɓa batun mata masu wannan aiki ba, da batun fulfulde, wanda sau da yawa shi ne na ƙarshe da ake juya wa magana. Waɗannan biyu sun cancanci takarda tasu. Muna fata abokan aiki da ɗalibai, musamman masu jin dandanci, za su gwada misalan da muka kawo a kan abin da kunnensu ya ji, su gyara inda ya kamata.